Mai Ƙaramar Sana'a da Mai Yaɗa Suna: A Ɗauke Shi Aiki ko Kada a Ɗauka?

Gabatarwa

Ya kai mai karatu, ya ke mai karatu, wataƙila kana da shagon ɗinki, ko gidan abinci, ko rumfar kilishi, ko kuwa kina da wurin kitso da lalle a unguwar Koira Kano ta birnin Yamai. Wata rana sai ga wani matashi ya shigo da babbar waya a hannu. Ya yi sallama, ya yaba kayanka, sa'an nan ya ce: "Alhaji, sana'arka tana da kyau, amma ba wanda ya san da kai. Ka riƙa ba ni jaka 60 kowane wata, ni kuma in sa a ji sunanka a rediyo, a gan ka a talabijin da Facebook."

Maganar tana da daɗin ji. Amma jaka 60 ba ƙaramin kuɗi ba ne. Mafi ƙarancin albashi da doka ta ƙayyade a Nijar tun daga watan Janairu na 2024 shi ne sefa 42,000, wato jaka 42. Ke nan abin da matashin yake nema ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. Idan ka ba shi kuma ciniki bai ƙaru ba, uwar kuɗinka ce za ta tafi. Idan ka hana shi alhali sana'arka tana bukatarsa, wani ne zai kwashe masu sayen da ya kamata su zo wurinka.

Wannan bayani zai taimake ka ka yanke shawara da kanka, da alƙalami da takarda. Inda muka ce "kai", har da "ke" muke nufi.

1. Wane ne mai yaɗa suna?

Mai yaɗa suna shi ne mutumin da ake biya domin ya sa jama'a su san wata sana'a, su kuma yi mata kyakkyawan zato. A manyan ma'aikatu ana kiransa jami'in hulɗa da jama'a. A ofisoshin Yamai za ka ji ana ce masa attaché de presse ko chargé de communication da Faransanci. Ga ayyukan da ya saba yi:

• Yana rubuta sanarwa ya kai wa gidajen rediyo da talabijin da jaridu.
• Yana neman ƴan jarida su zo su yi hira da kai, ko su ɗauki labarin buɗe shagonka.
• Yana shirya taro, kamar bikin buɗewa ko baje kolin kaya.
• Yana ɗaukar hotuna da bidiyo, yana kula da shafinka na Facebook ko TikTok.
• Idan wata mummunar magana ta bazu game da kai, yana ba ka shawara kan yadda za ka amsa.

Kada ka haɗa shi da waɗannan mutane uku, domin aikinsu ya bambanta:

Mai talla yana ɗaukar kaya ya zagaya da su, ya sayar, ya kawo kuɗi.

Dillali ko dillaliya yana haɗa mai kaya da mai saye. Ba ya karɓar la'ada sai ciniki ya faɗa.

Gidan rediyo yana sayar maka da lokaci. Ka biya, a karanta saƙonka yadda ka rubuta, sau adadin da kuka shirya.

Mai yaɗa suna kuwa ana biyansa ne saboda ƙoƙarinsa, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Wannan shi ne babban abin lura. Ba ya iya tilasta wa ɗan jarida ya yi labarinka, kuma ba ya iya tilasta wa mai saye ya buɗe aljihunsa.

2. Asalin wannan aiki

Yaɗa suna ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sarakuna suna da masu shela da sanƙira. Attajirai suna yi wa maroƙa da makaɗa kyauta domin a ambaci sunansu a taro. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi wa ƴan kasuwa da yawa waƙa, kuma sunayen wasunsu sun kai garuruwan da ƙafarsu ba ta taɓa takawa ba. Zabarmawa ma suna da jasare, masu riƙe tarihin gidaje da kirarinsu. Kowa ya san dokar wannan al'ada: maroƙi yana wasa wanda yake da abin da za a wasa, kuma jama'a sukan gane yabon da ya wuce gona da iri.

Irin na zamani ya taso ne a Amurka. A watan Oktoba na 1906 jirgin ƙasa ya faɗa ruwa a garin Atlantic City, mutum fiye da 50 suka mutu. A wancan zamani kamfanoni sun saba ɓoye irin wannan labari. Wani tsohon ɗan jarida mai suna Ivy Lee, wanda yake yi wa kamfanin jirgin aiki, ya ba su shawara su fitar da bayani a rubuce, su kuma bar ƴan jarida su je wurin su gani da idonsu. Masana da yawa suna ɗaukar wannan takarda a matsayin sanarwar ƴan jarida ta farko. Darasinta har yau yana nan: aikin yana tsayawa ne a kan gaskiya.

A Nijar, gidan rediyon ƙasa ya fara aiki a 1958, shi ne daga baya aka sa wa suna Muryar Sahel. Shekaru da yawa babu wani sai shi. Bayan babban taron ƙasa na 1991 aka buɗe ƙofa ga masu zaman kansu. Gidan rediyon R&M ya fara a 1994, Anfani ya biyo baya, sa'an nan Ténéré da Saraounia da Dounia da Bonferey da wasunsu. Da kafofi suka yawaita, sai aka sami masu cin abinci ta hanyar haɗa ƴan kasuwa da su. Zuwan wayar hannu da intanet ya ƙara yawansu ƙwarai.

Akwai misalin da ƴan Nijar suka sani. Alphadi, mai tsara tufafi, ya shirya bikin FIMA na farko a 1998 a cikin hamada, a Tigidit kusa da Agadas. Ƴan jarida sun zo daga ƙasashe da dama domin abu ne da ba a taɓa gani ba, wato nunin tufafi a tsakiyar rairayi. Ka lura da abu biyu. Na farko, ya riga ya yi shekaru yana aikinsa kafin wannan biki. Na biyu, yana da labarin da ƴan jarida da kansu suke son bayarwa.

3. Halin kasuwa a Koira Kano

Koira Kano tana cikin gunduma ta 1 daga gundumomi 5 na birnin Yamai. Sunanta ba shi da alaƙa da birnin Kano. Kalmomin Zabarmanci ne, ma'anarsu gari mai daɗi. Unguwa ce ta manyan gidaje masu katanga, da ofisoshin ƙungiyoyi, da makarantu da asibitoci masu zaman kansu.

Wannan yana shafar sana'arka ta hanyoyi uku.

Na ɗaya, masu wucewa da ƙafa ba su da yawa. Mai rumfa a Katako ko Wadata ko Babbar Kasuwa ba ya neman mai yaɗa suna, domin dubban mutane suna bi ta gabansa kullum. A Koira Kano kuwa mai saye yakan zo ne a mota ko a babur, kuma ya san inda za shi tun daga gida. Shagon da ke cikin lungu yana iya shekara ba a san da shi ba.

Na biyu, masu sayen suna da hali, amma ba su da yawa, kuma sun san juna. Labari mai kyau yana zagaya su da sauri a ofis da wurin biki da rukunin WhatsApp. Mummunan labari ya fi shi sauri.

Na uku, kasuwar ta sauya. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023, baƙi ƴan ƙasashen waje da yawa sun bar Yamai, wasu ƙungiyoyi sun rage aiki, wasu sun rufe ofisoshinsu. Mai gidan abinci ko mai kayan sana'ar hannu da ya dogara da waɗannan baƙi dole ya nemi sababbin abokan ciniki a cikin ƴan ƙasa. Ya kamata ka gane wannan: idan cinikinka ya ragu domin masu sayenka sun tashi, yawan talla ba zai dawo da su ba. Sai ka fara duba kayanka da farashinka, ko sun dace da waɗanda suka rage.

4. Tambayoyi shida kafin ka yanke shawara

Ka ɗauki littafinka ka rubuta amsar kowace tambaya: i ko a'a.

Tambaya ta 1: Na san dalilin ƙarancin cinikina? Ka tambayi mutum goma da suka taɓa saye a wurinka suka daina. Idan sun ce tsada, ko saɓa alkawari, ko ƙazanta, ko yaron shago ba ya da fara'a, to ciwonka ba rashin suna ba ne. Mai yaɗa suna zai ƙara yawan waɗanda za su ga aibinka ne kawai.

Tambaya ta 2: Waɗanda suka saya suna dawowa? Idan suna dawowa har suna kawo ƴan'uwansu, kayanka sun isa a yaɗa su.

Tambaya ta 3: Ina da ƙarfin karɓar ƙarin aiki? Telan da ya riga ya cika da ɗinki mako biyu kafin salla ba ya bukatar ƙarin masu kawo yadi. Idan suka zo ya kasa cika alkawari, sunan da ya biya aka gina shi ne zai rushe.

Tambaya ta 4: Masu sayena suna nesa da ni? Mai sayar da ƙosai da mai shayi da mai wankin mota, abokan cinikinsu maƙwabtansu ne. Mai dafa abincin taro, ko mai jakunkunan fata, ko mai makarantar koyon ɗinki, nasu masu sayen suna warwatse cikin birni, har da wasu garuruwa.

Tambaya ta 5: Ina da labari? Buɗe shago kaɗai ba labari ba ne a wurin ɗan jarida. Amma ƙungiyar mata da take sarrafa zogale ko man gyaɗa ta ɗauki ƴan mata 20 aiki, wannan labari ne. Haka ma wanda ya ci kyauta a baje koli, ko ya ƙirƙiro murhu mai rage cin itace.

Tambaya ta 6: Zan iya biya daga riba, ba tare da na taɓa jari ko na ci bashi ba?

Idan ka sami "a'a" ko da guda ɗaya a tambaya ta 1, ta 2, ta 3 ko ta 6, ka dakata tukuna. Idan duka shida "i" ne, sai ka wuce zuwa lissafi.

5. Lissafin da ba makawa sai an yi shi

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Ka tara dukan kuɗin da za ka kashe. Ka raba shi da ribar da kake samu a kan kaya ɗaya. Amsar ita ce yawan ƙarin kayan da dole ka sayar kafin kuɗinka su dawo. Alƙaluman da ke ƙasa misali ne don koyo. Ka sa naka a madadinsu.

Misali na farko: mai ɗinki.

Tana karɓar jaka 5 a kan kowane ɗinki. Zare da wuta da ladan yarinyar shago da sauransu suna cin jaka 3. Ribarta jaka 2 ke nan.

Ladan mai yaɗa suna a wata: jaka 60
Kuɗin hoto, da lokacin rediyo, da man babur: jaka 40
Jimla a wata: jaka 100

100 ÷ 2 = 50

Tana bukatar ƙarin ɗinki 50 kowane wata. Yanzu tana yin 60 a wata, kuma kekunanta biyu ba sa iya wuce 80. Ƙarin da za ta iya karɓa 20 ne kawai, ribarsu jaka 40. Ke nan ko da shagon ya cika maƙil, tana asarar jaka 60 a kowane watan da take biyansa.

To, amma akwai wata fuska. A ce ta ɗauke shi wata 3 kaɗai, ta kashe jaka 300. A ce kuma kowace sabuwar abokiyar ciniki tana kawo ɗinki sau 4 a shekara, wato ribar jaka 8.

300 ÷ 8 = 37 da rabi

Tana bukatar sababbin abokan ciniki 38 masu ɗorewa. Ɗinkinsu 152 ne a shekara, kusan 13 a wata, kuma kekunanta za su iya. Sai dai jaka 300 za su fita ne cikin wata 3, alhali dawowarsu sai an yi shekara guda. Idan tana da wannan kuɗi a ajiye, tana iya gwadawa. Idan kuɗin haya ne ko na makarantar yara, kada ta soma.

Misali na biyu: mai dafa abincin taro.

Tana dafa wa ofisoshi da masu biki. Kowace kwangila tana bar mata ribar jaka 75. Wani ya ce zai shirya mata hotuna masu kyau, da takardar farashi, da ranar ɗanɗano da za a gayyaci masu kula da sayayya na ofisoshi, duka a kan jaka 150, biya ɗaya.

150 ÷ 75 = 2

Kwangila 2 sun isa su maido da kuɗinta. Wannan ciniki ne mai ma'ana.

Abin da misalan suka koya mana: idan ribar kaya ɗaya ƙarama ce, da wuya ladan wata-wata ya biya kansa. Idan ribar babba ce kuma masu sayen ƴan kaɗan ne sanannu, aiki na lokaci ɗaya yakan yi amfani.

6. Lokutan da ɗaukarsa ya dace

• Lokacin buɗe sabon wuri mai babban jari, kamar gidan abinci ko makaranta ko ɗakin taro.
• Lokacin da ka tashi daga wurin da aka san ka. Ƴan kasuwar da gobarar Ƙaramar Kasuwa ta 2012 ta tarwatsa, da waɗanda aka rushe wa rumfuna a bakin titunan Yamai a 2016, sun san zafin rasa abokan ciniki don kawai ba su san inda aka koma ba.
• Lokacin baje koli, irin SAFEM, wato kasuwar sana'ar hannu ta mata da ake ci a Yamai tun farkon shekarun 2000. A nan ƴan jarida suna wurin, kuma masu saye sun zo daga ƙasashe maƙwabta.
• Lokacin da kake neman kasuwa a waje, inda ake bukatar takardu da hotuna da Faransanci ko Ingilishi.
• Lokacin da aka yaɗa ƙarya game da kayanka, kuma maganar ta fi ƙarfin bakinka.

Ka lura, duka waɗannan ayyuka ne masu farko da ƙarshe. Ƙaramar sana'a ba ta cika bukatar mai yaɗa suna na dindindin ba.

7. Abin da za ka iya yi da kanka

Kafin ka biya wani, ka gwada waɗannan har wata 3. Zuwa da kai ya fi aike.

a) Allo a ƙofar shago. A rubuta sunan shago, da abin da ake yi, da lambar waya, da manyan baƙaƙe. A sa zane ko hoto saboda wanda bai iya karatu ba. Idan za ka kafa allo a bakin babban titi, ka fara zuwa ma'aikatar magajin gari ka tambayi izini da harajinsa.

b) Littafin abokan ciniki. Ka rubuta suna da lambar duk wanda ya yarda. Wannan littafi dukiya ce.

c) WhatsApp. Ka riƙa sa hoton sabon kaya da farashinsa. Saƙon murya yana isa ga wanda bai iya karatu ba. Ka yi shi da Hausa da Zabarmanci, gajere, kada ya wuce minti ɗaya. Akwai WhatsApp Business, wanda aka fitar a 2018, kyauta ne, yana ba ka damar jera kaya da farashi da lokacin buɗewa. Ka tura wa mutane taswirar wurinka, domin lungunan unguwar suna kama da juna. Kada ka dami mutane da saƙo kullum.

d) Masu gadi, da direbobi, da masu aikin gida. A unguwa irin Koira Kano su ake aika, su ake tambaya. Ka girmama su, ka san sunayensu.

e) Gyara da alheri. Wanda ya kawo maka sabon mai saye, ka yi masa ragi ko ƴar kyauta.

f) Gidan rediyo kai tsaye. Kana iya zuwa sashen talla da kanka ka tambayi farashi. Ka nemi a ba ka a rubuce, ka kwatanta gidaje biyu ko uku, ka zaɓi harshe da lokacin da masu sayenka suke saurare.

g) Takardun sana'a. Ofisoshi ba sa ba da kwangila ga wanda ba shi da rajista. A Maison de l'Entreprise da ke Yamai ake yin rajistar kasuwanci ta RCCM da lambar haraji ta NIF. Ga mai neman cinikin ofisoshi, waɗannan takardu sun fi hira a talabijin amfani.

h) Cika alkawari da sakin fuska. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

8. Idan ka yanke shawarar ɗauka

Wajen zaɓe:

• Ka nemi ya faɗa maka masu sana'a uku da ya yi wa aiki. Ka je wurinsu da kanka, ba tare da shi ba. Gani ya kori ji.
• Ka tambaye shi su wane ne masu sayenka. Idan bai tambaye ka komai game da sana'arka ba ya fara faɗin farashi, ka yi hattara.
• Ka duba ko yana jin harsunan masu sayenka.
• Ka ji ta bakin mutum biyu ko uku kafin ka tsayar da ɗaya.

Wajen yarjejeniya, a rubuta ta, kowa ya sa hannu, da shaidu biyu, kowa ya riƙe tasa. Idan da Faransanci aka rubuta, ka sa wanda ka amince da shi ya karanta maka ita duka, ya fassara. Ta ƙunshi waɗannan:

1. Aikin da zai yi, da adadi: hoto nawa, sanarwa nawa, gidan rediyo nawa zai tuntuɓa.
2. Ranar farawa da ranar gamawa. Ka fara da wata ɗaya zuwa uku.
3. Ladansa dabam, kuɗin da za a biya kafofin watsa labarai dabam. Kowane biya da takardar shaidarsa.
4. Yadda za a biya: wani kashi kafin alƙalami, saura bayan an gama. Kada ka biya duka tun farko.
5. Ba za a fitar da wata magana da sunanka ba sai ka ji ta ka yarda.
6. Shafin Facebook ko TikTok naka ne. A buɗe shi da lambar wayarka, lambar sirri tana hannunka. Hotunan ma naka ne.
7. Ko zai yi wa mai sana'a irin taka aiki a unguwa ɗaya a lokaci guda.
8. Yadda kowannenku zai iya janyewa.

9. Yadda za ka san ko aikin ya yi amfani

Kafin a fara, ka rubuta cinikin kowane mako na wata biyu da suka wuce. Bayan an fara, ka ci gaba da rubutawa. Duk sabon mai saye ka tambaye shi: "A ina ka ji labarinmu?" Ka ja layi huɗu a littafi: rediyo, waya, allo, bakin wani. Ka riƙa sa alama.

Kada ka auna da lokacin azumi ko jajibirin salla ko komawar yara makaranta, domin a lokutan nan ciniki yana tashi da kansa. Ka kwatanta da irin watan a bara.

Kada yawan masu danna alamar so a Facebook ya ruɗe ka. Ana sayen mabiya na ƙarya da kuɗi kaɗan. Mutum 5,000 da suka yaba hoto daga wata ƙasa ba su kai mutum 5 da suka shigo shago suka saya ba.

10. Abubuwan da za a kiyaye

Labari da talla. A Yamai an saba gidajen watsa labarai su nemi kuɗin ɗaukar rahoton taro. Idan ka biya, talla ka saya, kuma kana da haƙƙin sanin farashinta da karɓar takardar biya. Wanda ya ce maka kyauta za a yi amma ka kawo "na goro" ba tare da takarda ba, ba ka da hanyar sanin inda kuɗin ya shiga.

Alkawarin da ya wuce hankali. Wanda ya rantse cinikinka zai ninka cikin wata ɗaya yana sayar maka da abin da ba ya hannunsa.

Ƙarya a kan kaya. Kada ka yarda a ce garin zogalenka yana warkar da ciwon suga, ko man shafawarka ba ya da illa alhali ba a gwada shi ba. Wani yana iya barin maganin likita saboda maganarka. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma alhakin yana wuyanka.

Ɓata sunan abokin sana'a. Nijar tana da dokar laifuffukan intanet ta 2019. Gyaran da aka yi mata a 2024 ya maido da hukuncin ɗauri a kan zagi da ɓata suna ta waya ko intanet. Abin da aka rubuta a shafinka, kai za a fara tambaya.

Hoton mutane. Kada a sa hoton abokiyar ciniki ko na yaro ba da izini ba. Wannan yana iya raba ka da gida guda har abada.

Bashi. Kada ka ci bashi mai ruwa, kada ka kwashi adashe domin talla, sai fa idan lissafinka ya nuna a fili ta inda kuɗin za su dawo da kuma yaushe.

A taƙaice

Yawancin ƙananan sana'o'i ba sa bukatar mai yaɗa suna na wata-wata. Suna bukatar kaya mai kyau, da cika alkawari, da allo, da littafin abokan ciniki, da waya. Sayen nagari mayar da kuɗi gida ne, kuma wanda ya ji daɗin saye shi ne mai yaɗa sunan da ba ya neman lada. Idan wani babban abu ya taso, kamar buɗe wuri ko ƙaura ko baje koli, kana iya ɗaukar gwani don wannan aiki kaɗai, bisa yarjejeniya a rubuce, bayan lissafi ya nuna zai biya kansa.

Ma'anar wasu kalmomi

Jari ko uwar kuɗi: kuɗin da aka kafa sana'a da su.
Riba: abin da ya rage bayan an cire dukan kuɗin da aka kashe.
La'ada: ladan dillali idan ciniki ya faɗa.
Kafin alƙalami: kashin farko na kuɗi da ake bayarwa kafin a fara aiki.
Sanarwa: gajeren bayani da ake kai wa ƴan jarida.
Jaka: sefa 1,000, wato dala 200.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Mene ne bambanci tsakanin dillali da mai yaɗa suna wajen biyan lada?
2. Mai kilishi yana samun ribar sefa 500 a kowane ƙunshi. An nemi jaka 45 a wurinsa. Ƙunshi nawa zai ƙara sayarwa kafin kuɗinsa su dawo?
3. Ka tuna wani shago da kake zuwa kullum. Ta yaya ka fara jin labarinsa?
4. Ka rubuta saƙon talla na layi uku game da sana'arka, ka karanta wa ƴan ajinku su gyara maka.